Tokar Alhaji Uwaisu a Gaban Alƙali

Duk mai sayen albasa a kasuwar Goronyo ya san Alhaji Uwaisu na Taloka. Albasar mutane takan fara ruɓewa a rumbu tun ruwan farko, tasa kuwa sai ta kai tsakiyar damina garau, ya fito da ita lokacin da ta yi tsada. Asirin wani haɗin toka ne da ya gada wurin mahaifinsa, yana barbaɗawa kafin ya jera ta. Ko zuwansa Makka bai cika zancensa kamar tokar nan ba.

Wata shekara baƙi suka zo daga wani kamfanin ƙasar waje, wai suna nazarin noma. Alhaji ya yanka musu zabi, ya zagaya da su, suka roƙi ɗan toka a leda don tunawa, ya cika musu har da gyara. Shekara na zagayowa sai ga tokar a kasuwa cikin ƙunshi mai ƙyalli, da sunan Turanci, da tambarin cewa kamfanin ya yi mata rajista, fasaharsa ce. Ba ta kai tasa aiki ba, kowa ya shaida, amma baƙin ciki ya hana shi cin abinci. Kayan ubansa ne wasu suka sa wa sunansu.

Ya tafi Sakkwato wurin 'yar ƙanwarsa Zakiyya, wadda take lauya.

"Kawu, doka na kare sirrin sana'a, amma sai in sirri na," in ji ta. "In alƙali yag gane kowa ya san shi, mun hwaɗi. Wa da wa kag gaya ma?"

"Ni? Ko matata Habi da muke ɗaki guda ba ta sani ba."

"To, ka taho da shaidu biyu da za su rantse ka ɓoye shi. Biyu, Kawu."

Gaskiyar magana, Alhaji mutum ne mai son a so shi. In ya yarda da kai, sai ya ja ka bayan masallaci, ya sa ka rantse, ya raɗa maka ɗan wani abu daga haɗin, kamar yadda ake gutsura wa aboki goro. Kuma a Taloka ba a zuwa shari'a da mutum biyu kamar marar dangi. Ranar zaman kotu motoci suka cika maƙil, har da waɗanda suka biyo baya a kan babur. Zakiyya ta ga taron, ta yi salati.

Aka kira Malam Lauwali, amininsa. Lauyan kamfanin ya tambaye shi cikin ladabi yadda aka yi ya san abin sirri ne.

"Shi da bakinai yag gaya min, ni kaɗai. Tokar karan gero ta, da ganyen dogon yaro."

"Karan dawa!" wani ya ce daga baya. Ɗahiru mai injin ban ruwa ne. "Ni yag gaya ma, tun kahin a san ka."

Mode mahauci ya miƙe ya ce duk ba su sani ba, kanwa ce. Kowa na son a san shi ne na kusa da Alhaji. Alƙali ya yi ta buga tebur, baƙon kamfanin yana zaune da tafintansa, ya kasa gane wa zai saurara.

Nan ne fuskar Zakiyya ta washe. Ta miƙe ta ce, ya mai shari'a, ga hujja ta zo da ƙafarta: mutum nawa suka yi magana, babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Kowa guntu aka ba shi. Cikakken haɗin yana cikin kan mutum ɗaya, wannan kuwa shi ne sirri. Alƙali ya gyaɗa kai.

Alhaji bai ji ko kalma ɗaya daga cikin wannan ba. Tun da aka ambaci kanwa jininsa ke tafasa. Kanwa, a tokar mahaifinsa, a gaban baƙi, kuma magatakarda na rubutawa. Gobe a ce Uwaisu na Taloka kanwa yake zuba wa albasa kamar mai dafa wake.

Ya miƙe. Zakiyya ta kama gefen babbar rigarsa, ya fizge.

"Ranka shi daɗe, dut shirme su kai. Karan gero na, amma na maiwa. A tankaɗe, a haɗa da garin bagaruwa, kashi ukku da guda. Ganyen kuma ba shanya shi a kai ba, turara shi a kai cikin tukunya. Wanga shi na abin da waɗanga mutane ba su samu ba, shi as sa tasu ba ta aiki."

Tafinta ya fassara wa baƙon kalma bayan kalma. Baƙon ya raɗa masa wani abu, tafintan ya ɗaga hannu.

"Wai da zafinta ake barbaɗawa, ko sai ta huce?"

"Sai ta huce mana," in ji Alhaji. "Wa ka zuba ma albasa wuta?"

Ya zauna yana huci, ransa fari, ya wanke sunan ubansa. Da ya juya sai ya ga Zakiyya tana tattara takardunta.

"Mi ne ne? Ba mun ci ba?"

"Kawu," ta ce, ba ta ko dube shi ba, "sun ce a yi maka godiya."