Hayaƙin Gidan Radoje

Stamena ta banko ƙofar ko sallama babu, ɗankwali a karkace, tana haki. Ga maƙwabcinta Radoje zaune lafiyarsa lau, yana dafa gahawa a ɓangaren lantarki na murhu.

"Au, ashe kana nan da ranka! Ina hayaƙi?"

"Sannu da gudu, 'yan mata. Gawa kika zo wankewa?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Na ce ina hayaƙi?"

Murhun tsoho ne, farin ƙarfe, rabi na itace rabi na lantarki, tun shekarar da aka kawo wuta ƙauyen yake a wurin. Da Desanka, matar Radoje, za ta rasu, abu ɗaya ta roƙi Stamena: kada ta bari tsohon nan ya mutu a rufe, ba kowa kusa da shi. Shi ne Stamena da Radoje suka yi yarjejeniya. Kullum da safe zai kunna ɓangaren itace, ko da ana tsananin zafi, ita kuma in ta hango hayaƙi daga tagarta ta san ya kwana lafiya. Shekara shida bai taɓa fashi ba sai yau.

Radoje ya ɗago hannuwansa, suna rawa.

"Gatari ya fi ƙarfina, Stamena. Don Allah kada ki gaya wa ɗana, yanzu ya kwashe ni sai birni."

Tausayinsa ya kama ta, amma ina, ba a san ta da lallashi ba.

"Ka ji rago. To, ashana ma ta fi ƙarfinka?"

Tun daga ranar, kullum da yamma sai ta faskara masa itace ta jera a murhun, ta ajiye wani babban gungume a gefe saboda sanyi. Nasa kawai ya ƙyasta ashana.

Wata yamma, lokacin kaka, ta same shi zaune, abincinsa ko taɓawa bai yi ba.

"Gobe tattasai buhu biyu zan gasa, in na yi sake duk ya ruɓe," ta ce. "Saura ka ƙirƙiro min wani aiki."

"Ba zan dame ki ba," in ji shi.

Da gari ya waye hayaƙi ya tashi, mai kauri, har ya fi na kullum. Ta ce a ranta yau tsoho da ƙarfinsa ya tashi. Tana gashi tana ɓare tattasai, in ta ɗaga kai ta ga hayaƙi, sai ta ci gaba. Sai da rana ta take ta zubo masa gasasshen tattasai a faranti, ta nufi gidansa.

Yana kan kujerarsa gaban murhu, sanye da rigarsa ta zuwa coci, kwalin ashana a cinyarsa. Ta taɓa hannunsa, ya yi sanyi. Murhun kuwa da ɗuminsa. Ta duba gefe, babu gungumen. Yadda ya ɗaga shi ya sa a murhu da hannuwan nan, Allah kaɗai ya sani.

Ta zauna daɓas a ƙasa, farantin a hannunta.

"Ka cuce ni, tsohon banza. Me zan ce wa Desanka?"

Ta yi kuka mai isarta, sannan ta gyara masa wuyan riga, ta fita kiran mutane.

Washegari ta farka, ƙafafunta suka kai ta taga kamar kullum. Wata 'yar tsuntsuwa ce zaune a bakin bututun hayaƙin, tana gyaran fukafukanta.