Idon da Ya Yi wa Gulam Kadir Kuka

Tun da Gulam Kadir, mijin ƙanwata Shagufta, ya rasu idonta na hagu yake zubar da hawaye. Tana gasa gurasar roti yana zuba, tana wanki yana zuba, har a bikin 'yar maƙwabta bai huta ba. Matan garinsu, Shujabad, suka ce ba su taɓa ganin mace mai riƙon amanar miji irinta ba. Na tambaya me ya sa idon dama bai samu labarin mutuwar ba, sai yayar mamacin, Baji Parwin, ta ce ai na hagu ne ya fi kusa da zuciya. Na koyar da ilimin halittu a birnin Multan har na yi ritaya, ban taɓa cin karo da wannan jijiyar ba.

Dangin miji suka ɗauke ta kamar ƙwai. Ɗakin da ke ƙarƙashin mangwaro nata ne, shayin farko nata ne, amare ma gare ta ake kawo su ta shafa musu kai.

Da yanar ido ta fara rufe mata idon, na ja ta wurin likita a Multan da sunan ta zo mini kwana biyu. Likitar ta danna gefen hancinta, sai ga mugunya ta fito ta lungun ido. Ta ce akwai 'yar magudana da ke kai hawaye daga ido zuwa hanci, ita ce ta toshe, kuma ba mai cire yana a idon da ke kwance cikin mugunya. Ta cikin hanci aka yi aikin, babu tabo. Aka zura siririn bututun roba mai laushi kamar silin taliya, aka ɗaure bakinsa a cikin hanci, ɗan lanƙwasonsa kawai ake gani a lungun ido in an ƙura. Likitar ta ja mana kunne: wata uku zai yi, in aka fizge shi kafin nan hanyar na iya sake toshewa, idon kuma ya ci gaba da dushewa.

Hawaye ya ɗauke. Na ɗauka za ta yi murna. Sai na same ta da hantsi a gaban madubi tana taɓa lungun idon da farce.

"Sauke hannun nan, ko in ɗaure shi."

"Apa," ta ce, wato yaya, "jibi sadakar shekararsa ce fa. Duk za su kalle ni."

"Su kalla mana. Fuska ce, ba famfo ba."

"Ke komai wasa ne." Ta zauna a bakin gado. "Ban taɓa yi masa kuka ba, Apa. Ko ranar da aka fita da shi. Na matsa, na matsa, babu. Sai idon nan ya fara da kansa, na ce Allah ya rufa mini asiri."

"Ya cuce ki ne?"

"Da ya cuce ni ai da sauƙi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kullum sai ya kawo mini jalebi a takarda, mai zaƙin nan kamar alkaki, ni kuma ba na son jalebi, ban taɓa faɗa masa ba. Ya zauna, na zauna, ya tafi. Shayin farkon nan da nake sha, na wata ne nake sha."

Na zauna kusa da ita a bakin gadon.

Ranar sadaka muna Shujabad, aka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, aka zuba ƙwallayen dabino a tsakiya, mata suka kewaye suna ɗauka suna tasbihi. Ƙamshin shinkafar da maza ke dafawa a waje ya cika gidan. Shagufta na zaune a wurinta na girma, kusa da Baji Parwin, fuskarta a bushe ƙarau. Na ga idanu suna zuwa suna komawa.

"Iskar Multan ta karɓe ki, Bhabi, matar yaya," in ji wata matar ƙanin miji. "Har kin yi kumatu."

"Ku bar ta," in ji Baji Parwin. "Rijiya ma tana janyewa." Ta juyo ta dubi Shagufta da kyau, sai ta kama haɓarta ta karkata ta wajen haske. "Tsaya, wani zare ne ya shige miki ido. Shi ya tare hawayen, 'yar uwata. Kada ki motsa."

Ta murɗa gefen mayafinta ya yi tsini, ta jiƙa shi da yawu, kamar yadda ta cire wa duk yaran gidan nan tsakuwa da gashi daga ido. Ina can ɗaya gefen ƙyallen, gwiwoyina kuma ba sa tashi da gaggawa. Na buɗe baki, sai na ga Shagufta ta dube ni da idon dama. Ba ta motsa ba. Ta ɗaga fuska ma. Ja ɗaya kawai, komai zai koma yadda yake: hawayen, ɗakin mangwaro, amare. Tsinin mayafin ya taɓa bututun.

Sai Shagufta ta riƙe hannun Baji Parwin.

"Baji, ba zare ba ne. Likita ce ta sa. Idon ciwo yake yi, toshewa ya yi. Ba kuka ba ne."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Ƙwallayen dabino suka daina ƙara. Matar ƙanin mijin ta yi wata 'yar dariya ta haɗiye ta. Na shirya bakina tsaf don zagin da zai biyo baya, har na tanadi na ramawa. Baji Parwin ta warware gefen mayafinta a hankali, ta shafe shi a cinya.

"Ni da na ga kina yi, sai na ce ya wadatar," ta ce. "Ga gida, ga jikoki, ga ciwon ƙafa. Na ce Shagufta tana yi mana duka." Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, har da ni. "To wa ya yi wa Gulam Kadir kuka ke nan?"

Aka shigo da shinkafa, aka ci kai a sunkuye.

Bututun ya cika watanninsa, likita ta zare shi, bayan Sallah aka cire yanar. Ɗakin mangwaro yanzu na wata amarya ne, Shagufta ta dawo wurina. Tana zura zare a allura da kanta. Duk Alhamis takan sayo jalebi a takarda, ta zauna ta cinye shi tas, tana yamutsa fuska.