Ranar da MaKhanyile Ta Doki Bhubesi

Lindani Mhlongo, mai koyar da kwiyakwiyai a filin ƙwallo duk ranar Asabar, shi ne ya sa MaKhanyile ta doki karenta. Hannun nata ne, ba ta taɓa musu ba. Amma shi ya kai ta ga haka, sannan ya zauna ya rubuta a takarda wai tsohuwar tana dukan dabba. Takardar tana gidan marayun karnuka yanzu, kuma ranar Juma'a wata mata za ta zo daga can har Imbali, unguwarsu MaKhanyile, ta duba ko za a ƙwace karen.

Bayan rasuwar mijinta ne 'yarta Nokulunga, mai aikin jinya a Durban, ta ɗauko mata kwikwiyo daga gidan marayun, wai gida ya yi mata shiru da yawa. Sharaɗinsu ɗaya: Asabar shida a aji, inda ake saba wa kwiyakwiyai da mutane da 'yan uwansu karnuka. Kwikwiyon baƙi ne, ƙafa ɗaya fara, a cikin kwalbati aka tsince shi. Nokulunga ta sa masa Bhubesi, wato zaki, don tsokana kawai, domin ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ka neme shi ka rasa.

Kwana tara ya yi a ƙarƙashin gado. MaKhanyile ba ta karanta littafin kare ba, na mutane ma ba ta karanta ba. Abin da ta iya shi ta yi, wato yadda ta yi shekaru tana kai wa surukinta abinci. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ba karen gefen jikinta, ta sunkuyar da ido, ta tura kwanon phuthu, tuwon masara, da romo, ta ja bakinta. Ba a ƙura wa babba ido. Ashe mai tsoro ma ba ya so. Rana ta goma ta ji hanci mai sanyi a gwiwar hannunta.

Tasi biyu take hawa zuwa ajin, Bhubesi a cikin kwando a cinyarta. Sauran da motocinsu suke zuwa. Ranar farko Lindani ya leƙa kwandon, usur a wuyansa.

“Gogo,” ya ce da ita, wato kaka, “zaki kika kawo mana ko ɓera?”

Aka yi dariya, ita ma ta taya su, me za ta yi? Ta zauna a gefen fili, karen a bayan ƙafafunta. Asabar ta biyu, ba wanda ya kira shi, ya fito da kansa ya shinshina wutsiyar wani farin kwikwiyo mai ƙiba, ya dawo a guje. Har gida tana murmushi ita kaɗai.

Asabar ta uku Lindani ya ce kowa ya zauna a kan ciyawa a yi da'ira, a riƙa miƙa kwiyakwiyan daga hannu zuwa hannu.

“Ɗana,” in ji MaKhanyile, “wannan ba a miƙa shi. A bar shi ya zo da ƙafarsa.”

“Na gan ki makon jiya, Gogo, kin durƙusa masa kina ɓoye ido. Surukinki ne? Shi ya biya shanun aurenki?” Ya juya ga sauran, suka kwashe da dariya. “Shekara takwas ina wannan aikin. Jawo shi nan.”

Kunya ta rufe ta tun daga ɗankwali har tafin ƙafa. Ta ga kanta yadda suke ganinta: tsohuwa 'yar ƙauye da kwando. Sai ta ja igiyar. Bhubesi ya kafe ƙafafu huɗu, faratansa suna zana layi a ƙasa, yana waiwayenta. Ta kawar da kai ta ci gaba da ja.

A hannu na farko Bhubesi ya yi rawar jiki. A na biyu ya runtse ido. Na uku shi ne na Misis Moodley, mai farin karen nan, sanye da farin wando. Ta ɗaga shi daidai fuskarta tana cewa “wayyo ɗan baƙina”, za ta sumbace shi. Ya saki fitsari a jikinta, ya kai mata cizo a wuyan hannu. Ta yi ihu. Idanu duka suka dawo kan MaKhanyile, kamar ita ce ta jiƙa wandon.

Ba ta san sa'ad da hannunta ya tashi ba, irin yadda ake yi wa yaron da ya kunyata gida a gaban baƙi. Tas, a kan hanci. Bai yi kuka ba. Ya lafe a ƙasa kamar tsumma.

“Kun gani ko?” in ji Lindani, yana ciro biro. “Ga inda tsoron ya samo asali.”

Sau uku ta ba Misis Moodley haƙuri, ta tura karen cikin kwando. Da suka isa gida ya shige ƙarƙashin gado. Ba ta gaya wa Nokulunga ba, sai da gidan marayun suka kira yarinyar.

“Mama, da gaske kin doke shi?”

“Da gaske.”

Ta koma durƙuso, da gwiwoyin da suke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ranar Alhamis Bhubesi ya fito ya ci abinci kusa da ita. Ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwalinta, sai ya runtse ido ya maƙale wuya, yana jiran duka. Ta sauke hannun a hankali. Ranar ba ta iya cin nata abincin ba.

Da Asabar ta zagayo ta bar shi a gida, ta hau tasi biyun ita kaɗai. Ta tarar an yi da'ira. Ta shiga tsakiya ta tsaya.

“Gogo, ana aji, ki bari sai...”

“Ba zan bari ba. Saki usur ɗin nan, ba kare ba ce ni.” Wannan karon ba ta sunkuyar da ido ba. “Na doke shi. Sau ɗaya, a gabanku. Wannan laifin nawa ne, da shi nake yini. Amma kai rabi ka rubuta. Na ce maka kada a miƙa shi, ko ban ce ba?”

Lindani ya dubi takalmansa.

“Ta faɗa,” in ji Misis Moodley a hankali. “Na ji da kunnena.”

“To ka ji. Ranar Juma'a ƙarfe goma matar nan za ta zo gidana da takardarka a hannu. Za ka zo Imbali ka tsaya a tsakar gidana, ka gaya mata da bakinka wanda ya ce a jawo shi, da wanda ya mai da ni abin dariya har na ja. Ni zan faɗi nawa, ba zan rage ba. Ɗago kai, Lindani. A gaban mutanen nan ka kunyata ni, a gabansu za ka amsa mini: za ka zo ko ba za ka zo ba?”