Cokali Ɗaya na Tulu

Ranar Laraba ce, ana ta yayyafi tun asuba, garke ya yi caɓa-caɓa, Baba ya yarda a ƙarshe. Shekara talatin yana kiwon shanun yanka, bai taɓa barin wani ya sa hannu a abincinsu ba. Auta kuwa, 'yarsa da ta karanto kiwon dabbobi, wata biyu ta yi tana bin sa da gwangwanin garin da ta haɗa: tafarnuwa, citta, hulba da zogale. Ta ce yana taimaka wa tumbi ya narkar da dusa, yana kuma rage kumburi.

Sa ɗaya ya ba ta, Tulu, wanda ya samo sunan saboda cikinsa na kumbura duk lokacin da ya ci dusa.

"Sati biyu," in ji Baba. "In ya gyaru, abincin garken nan ya koma hannunki. In bai gyaru ba, ki mayar wa uwarki kayan miyarta."

Cokali ɗaya take zuba masa kowace safiya. Kwana uku, Tulu ya kwanta yana tuƙa hankali kwance, cikin ya saɓe. A rana ta shida sai zawo. Ya sansana dusar, ya kau da kai. Auta ta wanke kwamin ruwa, ta duba buhunan ko sun yi fumfuna, ba ta ga komai ba. Baba bai yi mata dariya ba, wannan ya fi yi mata ciwo. Tsayawa kawai yake yana sosa wuyan san, yana ce masa abokina.

Sai wata safiya ta ɗaga gwangwanin ta ji ba nauyi. Ta ja layi da biro daidai inda garin ya tsaya. Kafin la'asar ya sauka da faɗin yatsa uku.

Washegari ta zuba cokalinta, ta laɓe bayan buhunan dusa. Ba a jima ba sai ga Baba, ya waiga dama da hagu, ya dumbuzo garin cikin tafinsa. Bai kai ga kwamin ba Mama ta shigo da ludayi a ɓoye cikin mayafi. Suka tsaya suna kallon juna. Auta ta yi gyaran murya.

Baba ya ce ai gani ya yi abin na aiki, kuma cokali ɗaya ga ƙaton sa irin wannan rowa ce. Mama ta ce ita so take yarinyar ta yi saurin cin nasara a kan tsohon nan mai taurin kai.

"To kai da ka ce kayan miya ne?" in ji Mama.

Baba ya karkaɗe tafinsa cikin gwangwanin. "Ba na so ta faɗi ne," ya ce, bai ɗago ba.

Auta ta dakatar da garin kwana huɗu, ciyawa da ruwa kawai, sannan ta koma cokali ɗaya, Baba ya sake ba ta sati biyu. Tulu ya koma tuƙarsa. Ran da sabon sati biyun ya cika, Baba ya ciro makullin sito daga aljihu ya ajiye mata a kan gwangwanin, ya ce ta riƙa kullewa saboda uwarta.

Abin da aka rasa: kwana tara na kiwo, kilo goma sha ɗaya a jikin Tulu, rabin gwangwanin gari, da ludayin Mama, wanda Tulu ya taka.