Kabejin Inna Bok-rye

Ranar wata Asabar ce a farkon Nuwamba, gari ya waye da sanyi har raɓa ta daskare a kan sirdin babur ɗin Gi-tae. Ya goge ta da hannun riga, ya sake duba wayarsa. Banki ya yi alkawarin makin da zai kai mutum Bangkok ya dawo da shi kyauta, in dai ya kashe abin da aka yanka masa da sabon katin bankin kafin wata ya ƙare. To shi mai kai abinci gida-gida a garin Chuncheon na Koriya, me zai saya? Ya sha mai, ya sayi rigar sanyin da ba ya bukata, ya biya wa abokai cin dare ya karɓi nasu a hannu, amma da sauran tafiya.

A cikin gida ya tarar da mahaifiyarsa tana wanke manyan robobi, don lokacin haɗa kimcin shekara ya zo, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da barkono a ajiye ana ci.

"Umma, bana ni zan sayo komai. Kabeji, barkono, tafarnuwa, duka ta waya, a kawo har ƙofa."

"Kai? Kai da ko farashin albasa ba ka sani ba?"

"Ke dai ki ba ni kuɗin a hannu, ni in goga kati."

"To Yaya Bok-rye fa?"

Inna Bok-rye aminiyar Umma ce tun suna 'yan mata. A bayan gari take noma, kowace shekara tana ware wa Umma kabejinta, ta jiƙa shi da gishiri, ta kawo, su zauna su cakuɗa tare suna gulmar duniya. Ita ba ta san wata na'urar kati ba.

"Zan kira ta in yi mata bayani," in ji Gi-tae.

Ya nemo lambarta a ranar, ya kalle ta, ya ce sai gobe. Gobe ta zo ya ce sai ya tashi aiki. Sayayyar kuwa tuni ya yi ta.

Ranar haɗin, kwalaye na jibge a bakin ƙofa, naman alade na tafasa a wuta, sai ga ƙarar 'yar motar ɗaukar kaya ta Inna Bok-rye.

"Maman Gi-tae! Fito, ƙuguna ya ƙi! Kai kuma sarkin yawo, ka tsaya kamar turken lantarki, zo ka sauke!"

Bayan motar cike yake da kabeji yana ɗigar ruwan gishiri. Hannayen Innar sun yi jajir, sun tsattsage. Gi-tae ya san kabejin da ya sha gishiri ba ya jira, ba ya kuma komawa kasuwa.

Sai idonta ya faɗa kan kwalayen.

"Wannan fa? Kanti kika buɗe?"

Umma ta juyo ta dubi ɗanta, kallo ɗaya. Gi-tae ya buɗe baki. Magana ce gajeriya, ni ne ban kira ba, amma ta ƙi fita.

"Yaya, laifina ne," in ji Umma. "Tsufa. Na ce zan kira ki, na manta."

"Kin manta."

"Sauke kawai, zan biya, mu haɗa duka."

"Wa zai ci? Ku biyu ne a gidan. Kuma ni ba kuɗi na zo karɓa ba."

Ta cire safar hannu ta roba da ta riga ta sa, ta jefa ta a kujerar gaba. Har ta buɗe ƙofar mota, sai ta ciro leda ta miƙa wa Gi-tae. Gasasshen dankali ne, da sauran ɗuminsa, irin wanda take kawo masa tun yana ƙarami.

"Karɓi, naka ne. Ba kai ka yi min ba."

Ya karɓa. Motar ta juya ta tafi.

Su biyu suka yi aikin. Hannunsa na cikin barkono wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Da ya wanke hannu ya duba, makin ne ya shigo, cif.

"Ya isa tafiyar?" Umma ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ya isa."

"To madalla."

Washegari ya hau babur har gonar, ya faɗa wa Inna Bok-rye gaskiya a tsaye a bakin shinge. Ta saurare shi tas.

"Na sani," ta ce. "Uwarka ba ta mantuwa. Abin da ya ɓata min rai, ta zaɓi ta yi min ƙarya."

A gefen gonar ga kabejin nan a zube, ya fara wari.

Abin da aka rasa ke nan: kabeji tamanin, buhun gishiri guda, naman da aka dafa don mutum uku mutum biyu suka kasa ci, da kiran wayar da Umma ke samu daga aminiyarta kowace safiya, wanda har dusar ƙanƙara ta narke bai dawo ba.