Maɓallin Inna

Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, muryarta ba ta wuce bakin ƙofa. Shi ya sa Yaya, babban ɗanta mai gyaran rediyo da talabijin, ya haɗa mata wata 'yar na'ura da take ratayawa a wuya. Idan ta danna maɓalli, ƙararrawa ta kaɗa a shagonsa da ke ƙofar gida. Sai dai batirin ba ya wuce kwana biyu. Ran nan ya mutu da hantsi, Inna ta yi ta dannawa har azahar babu wanda ya leƙo, aka tarar ta zamo daga gado garin neman ruwa.

Washegari Auta ta iso da kwamfutarta a jaka. Ita ce ƙaramarsu, injiniya ce, kuma ba sa ga-maciji da Yaya tun ranar da ya ce karatunta na takarda ne, ko waya ba ta iya ferewa ba.

Ta shiga shagon, ta ture wata tsohuwar rediyo gefe, ta kwance na'urar, ta jona mita mai auna wutar da take ci. Ta nuna masa wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu takwas a kan allon da ke cikin na'urar.

"Yaya, ƙwaƙwalwar nan ba ta barci. Kullum idonta biyu tana duba ko an danna. Ina batir zai kai labari?"

"To injiniya, sa ta barci, uwarmu ta kira a ji shiru."

"Shirun ai ta ji shi jiya, kuma a hannunka."

Ya ajiye ƙarfen liƙa waya da ƙarfi har dalma ta yi tsalle. "Ke da kike zuwa sau ɗaya a wata da ledar lemo, ke ce za ki faɗa mini?"

Maganar ta soke ta. Ta zauna a kan bencinsa ta sake rubuta umarnin: ƙwaƙwalwar ta kwanta gaba ɗaya, ƙafa ɗaya tak da ke haɗe da maɓalli ce za ta tashe ta. Lambar da ke kan mita ta faɗi har ta kusa sifili. Don kada ƙararrawa ta riƙa kaɗawa a banza, ta sa sai an riƙe maɓallin na daƙiƙa guda, in ba haka ba ƙwaƙwalwar ta koma barcinta. Ta danna, ƙararrawa ta kaɗa. Ta kalle shi.

"Yanzu batirin zai kai wata shida, ko fiye."

Yaya ya fizge na'urar ya yi cikin gida, ta bi shi. Ya rataya wa Inna ya ce, "Inna, danna mu ji."

Yatsan Inna ya yi rawa, ya taɓa maɓallin ya zame. Shiru. Ta sake, ta sake, har gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta ɗago ido tana dubansu kamar ita ce ta yi laifi.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Da lafiyayyen yatsanki kika gwada. Kin san hannun uwarki kuwa?"

Kunya ta rufe Auta, har ta ji kamar ƙasa ta tsage. Ta zare na'urar a hankali, ta ce, "Yi haƙuri, Inna, ni ce ban yi daidai ba." Yaya kuwa ko kallo bai samu ba.

Ta koma shago ta gyara: taɓawar farko ta tada ƙwaƙwalwar, ta aika kira nan take, sannan ta ƙyale karkarwar yatsa da za ta biyo baya. Tana cikin yi, Yaya ya jefo wani faffaɗan maɓalli mai laushi gabanta, wanda ya ciro daga tsohuwar rikoda.

"Sa wannan. Ba don ke ba."

"Ni ma ba don kai nake yi ba."

Ita ta riƙe allon, shi ya liƙa wayoyin, kowa fuska a murtuke. Da aka mayar, Inna ta ɗora tafin hannu kawai, ƙararrawa ta kaɗa har maƙwabta suka ji.

Auta ta tafi da la'asar ba tare da sun yi sallama ba. Bayan wata huɗu ta bugo wa matar Yaya tana tambayar batir. Matar ta ce yana nan bai ko gaji ba, Inna har kiran banza take yi in ta ga gidan ya yi tsit. Daga nesa Auta ta jiyo muryar Yaya.

"Gaya mata maɓallina ne ya yi aikin."

"Ki ce masa na ji," in ji Auta. "Ba Inna wayar."