Karce a Ɓangaren Direba

Shekara talatin da takwas Baba ya yi yana tuƙa motocin wani kamfani, bai taɓa taka ko kaza ba. Ranar da ya ajiye aiki suka bar masa motar da ya tuƙa a ƙarshe, wata doguwa ruwan toka mai rim na alminiyam, wato ƙarfen nan mai sheƙi da taya ke zaune a kai. Mama takan ce da ana ɗaura wa mota aure, da tuni an fitar da ita daga ɗakinta an sa motar. Baba ba ya musawa, sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge gilashi.

Yaya ne ya fara ganin karcen. Shi ne babbanmu, kuma tun yana ƙarami Allah ya yi shi da ganin abin da ba a tambaye shi ba. Ya zo gaishe su, ya zagaya motar, ya tsuguna, sannan ya ja ni bayan tankin ruwa. Ya ce rim biyu sun ci siminti, na gaba da na baya, kuma duka a hagu, ɓangaren da direba ke zama. Ɗan koyo, in ji shi, ɗaya gefen yake gogawa don ba ya hango shi. Wanda ya gogi ginshiƙin ƙofar gidansa ta gefen da yake zaune kuwa, idonsa ne ya fara tafiya. Ranar Lahadi zai dawo ya karɓi makullin.

Na wanke shi tas. Ni ce auta, ni ce kuma ke zaune da su tunda makarantar da nake koyarwa tana kusa, don haka na san abin da makullin nan yake a wurin Baba. Da shi yake kai Mama asibiti, da shi yake zuwa gaishe da tsofaffin abokan aikinsa, waɗanda duk 'ya'yansu suka zaunar da su. Na ce wa Yaya motarsa ma da ba ta shekara ba ta fi kwanon almajiri lotsewa. Ya juya ya tafi. Ashe Baba yana bayan taga, ya ji duka.

Washegari da hantsi na tarar ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayoyin biyu ya kwantar da su a kan tsohuwar tabarma a inuwar gareji. Bai ce min ga dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Hutu muke yi, sai na jawo kujera na zauna.

Na sha ganin masu aiki, amma ban taɓa ganin mai aiki irin Baba a makon nan ba. Ya wanke rim ɗin da sabulun wanke-wanke har sau uku, ya bi kowane lungu da tsohon buroshin haƙori, don wai fenti ba ya zama a kan maiƙo. Ya ɗauki samfefa, takardar nan ta goge ƙarfe, mai kaushi, ya cinye bakin karcen, inda alminiyam ya tashi kamar haƙoran zarto. Ya kwaɓa fila, ƙullun nan na cike ramin ƙarfe, a murfin gwangwani, ya cike ramukan da bakin wuƙar da Mama ta yi wata biyu tana nema. Da ta bushe sai ya koma samfefa mai laushi, yana tsoma ta a ruwa, yana gogawa a hankali.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya kallon aikin. Fuskarsa na sama, yatsunsa ne ke bin da'irar. In ya ji tudun da bai kai ƙwayar gero ba sai ya tsaya, ya goga sau biyu, ya sake shafawa. Na ce masa ai ya yi, ba mai ganin wannan. Ya ce shi ya ji shi, kuma shi ne mai motar. Kwana uku muka yi a haka. Na yi alfahari da shi har na ji ina ma Yaya na nan ya ga hannun da yake son karɓe wa makulli.

Ranar Alhamis ya sa na kwaso tsofaffin katunan gayyata daga durowar Mama. Ya bi ya soka su ɗaya bayan ɗaya tsakanin taya da rim, har suka zagaye kamar shinge, don kada fenti ya taɓa roba. Mama ta leƙo ta ce yau dai bukukuwan da bai je ba sun yi masa rana. Ya fesa fentin shimfiɗa, mai launin toka mara sheƙi, ya bari ya sha iska. Juma'a da yamma ya fesa na azurfa, shafa uku marasa kauri, yana kaɗa gwangwanin yana ƙirga mintoci a tsakani, sannan ya bi da na sheƙi.

A nan ne na ga matsalar. A kowane rim, ta gefen hagu, akwai wuri mai faɗin tafin hannu da azurfar ba ta kai ba. Toka ce kawai a wurin, ɓaro-ɓaro. Baba ya ja da baya, ya dubi aikinsa, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya tafi wanke hannu.

Ban faɗa masa ba. Tsoro ne ko ƙauna, har yau ban raba su ba. Na ƙudurta cewa gobe in ya tafi sayo burodi zan fesa wurin da kaina, kowa ya huta.

Ya riga ni. Da na fito da safe na same shi tsugune, yana shafa rim ɗin don ya ji ko ya bushe. Yatsunsa suka zo kan wurin suka tsaya. Suka koma baya inda yake santsi, suka dawo inda yake da kaushi. Ya matsa kan na biyun, ya samu daidai wurin ba tare da ya laluba ba. Ya daɗe a haka.

"Auta, nan wane launi ne?"

Ya tsaya yana jiran amsa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

"Toka ne, Baba."

"Tun jiya kika gani?"

Na ce e. Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce hasken garejin ne. Sai ya ɗauko gwangwanin, ya kaɗa shi sosai, ya miƙo min. Ya ce in bar tazarar taƙi ɗaya, in fara fesawa kafin in kai kan ƙarfen, kada in tsaya wuri ɗaya. Ya rufe ido yana saurare. Daga ƙarar fesawar kawai yake gane na matso da yawa ko hannuna ya yi nauyi, ya ce in ja baya, in sassauta. Hawaye na zuba nake fesawa, ina kawar da kai don kada ya ɗiga a kan aikin.

Lahadi Yaya ya iso da fuskar wanda ya kwana yana haddace jawabi. Motar na tsakar gida, tayoyin sun koma, rana na dukansu. Ya tsuguna, ya shafa, ya nemi karcen har da leƙawa ta ƙasa. Ya tambayi wane gareji aka kai, Mama ta nuna masa tabarmar da fenti ya ɓata. Wallahi na ji daɗin ganin yadda jikinsa ya yi sanyi. Ya miƙe yana sosa ƙeya, ya ce a yafe masa, wanda ya iya wannan aikin idonsa ya fi nasa, maganar makulli ta wuce.

Shi ke nan Baba ya yi nasara. Ba abin da ya rage masa sai ya yi shiru, kuma daga bakina ba za a ji komai ba har abada.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, mai tsohuwar fatar nan da ta yi baƙi don riƙo.

"Gaskiyarka ce tun farko," ya ce wa Yaya. "Ginshiƙi na goga, ginshiƙi kuma ba ya da uwa. Ba zan jira sai na gogi mai uwa ba."

Yaya ya miƙa hannu, amma Baba ya wuce shi ya danƙa min. Ya ce in shirya, gobe ni zan kai shi wurin likitan ido.

Da safe ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, bai san inda zai sa su ba. Na tuƙa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Mun fita ƙofa lafiya, mun wuce shataletale lafiya. A bakin asibitin ne, wajen fakin, na matsa wa simintin gefen titi, sai ƙarar nan ta tashi, ƙiiii, doguwa, ta ɓangaren da yake zaune. Na kashe motar na kifa kai a sitiyari, na kasa kallonsa.

Ya sauke gilashi, ya zura hannu waje kamar zai taɓo wurin daga nan. Da na ɗago sai na ga fuskarsa ta washe, irin yadda ban gan ta ba tun ranar Asabar.

"Na baya ne, kuma bai yi zurfi ba," ya ce. "In mun fito ki tsaya a shago, samfefarmu mai laushi ta ƙare."